Ɗan da Inna Ta Shayar

Ammariyya, Jidda
Yuli, 1967

Zuwa ga Yayana Abdulghani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma Landan da karatun likita ba su ramar da kai ba. Mu nan lafiya, sai zafi. Wannan takarda ta hannun matafiyi za ta iso ka, don gidan waya a nan yana da son karatu, ni kuma ina son iƙamata, takardar izinin zamana.

Maganar Inna ce. Tun yaƙin Larabawa da Yahudawa na watan jiya matan unguwa suke taruwa bayan la'asar suna yi wa Yahudawa addu'ar halaka, ita kuwa tana zaune cikinsu ba ta cewa amin. An fara lura. Har Sitt Wadad ta lura, Bafalasɗiniyar da muke koyarwa tare, wadda kullum take shigowa ta matsa wa Inna ƙafa. Ta rage shigowa.

Ka tuna Ilyahu, ɗan Bayahuden nan mai kantin yadi na Umdurman, wanda Inna ta shayar tare da ni lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo? Iliya take ce masa. A shari'a ɗan'uwanmu ne. Bayan rikicin mashigin Suwes wata ƙungiyarsu ta Yahudawa ta kwashe su. Na karanta tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi a jami'ar Khartum: tun kafin yaƙin duniya na farko suke tara kuɗi a gwangwani gida gida, su sayi fili, su biya jirgi, su tarbi mutum da tanti da fartanya da malamin harshe. Kakanninmu da suka taso daga Sakkwato da ƙafa don aikin Hajji ba wanda ya tarbe su ko da ruwan sha, shi ya sa sai a jikoki muka iso.

Wasu Faransa aka kai su, wasu can, ƙasar Yahudawan da ba a ambatar sunanta a nan. Inna ta ce bakinta ba zai buɗe da amin ba sai ta san inda Iliya yake. Wuni take a bakin taga ta fuskanci teku, ko da yake gidaje sun tare shi. Ta ce ruwan ɗaya ne, in an bi shi arewa. Jiya ta yi gyangyaɗi da rana, ta gan shi yana tahowa bisa ruwa da gajeren wando, yana tambaya ko ta soya ƙosai.

'Yan ƙungiyar suna da ofis a Landan. Ka je ka tambaya, don Allah.

Ƙanwarka,
Mastura

Ammariyya, Jidda
Satumba, 1967

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna tana sa maka albarka, ƙafarta da sauƙi. Amsarka ta iso. Na ji daɗin yadda suka karɓe ka da shayi, kuma ba su ɓatar da sunan ko mutum ɗaya a rajistarsu ba. Mu da har yau ba mu san kabarin kakanmu ba, dole mu yaba.

Na karanta mata: yana raye, can aka kai shi, ƙauyen manoma da ƙungiyar ta gina a kudu. An canja masa suna, yana da 'ya mace. Na so in tsallake kalmar can, amma ta tsare ni da ido. Sai ta ce jikarta ke nan, in miƙo mata mayafi.

Gidan Wadad ta nufa, ina biye kamar wadda ke tafiya cikin barci. Ko zama ba ta yi ba ta ce mata, da Larabcinta na Umdurman, tana da ɗa a can, nononta ya sha, ba za ta iya roƙa masa mutuwa ba, in za a daina gaishe ta a daina. Ni da digirina na tsaya kallon tabarma.

Wadad ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da Inna, ta tambayi sunan ƙauyen. Na faɗa. Ta ce ba wannan ba, sunansa na da take nufi, don mahaifiyarta 'yar kudu ce. Na juya takardarka gaba da baya, babu.

Inna ta yi mata alkawarin za a samo. Saboda haka, Yaya, ka koma ofishin ka tambaye su yadda ake kiran wurin kafin su zo. Ka sha shayinka a gida kafin ka fita.

Ka huta lafiya. Taka,
Mastura