Keken da Na Kasa Ɗagawa

Zuwa ga Lucia, inuwar kaɗanyata a tsakar rana, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, fitilar ɗakina, Maman Jennifer,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan jiki da sauƙi, kuma hannun hagun nan ya fara motsi fiye da yadda na bar shi. Ki sa tabarau, ki matsa kusa da haske, ki karanta a hankali, domin rubutuna ya lalace. Yatsuna sun ƙi miƙewa tun da na saki kan keke. Da kunnenki yana ɗaukar waya, da na kira ki. Amma kin san yadda muke ƙarewa: ni in yi ta ihu har maƙwabta su san sirrinmu, ke kuma kina cewa, “Wa ke magana?” Shi ya sa na koma ga takarda.

Ina Abaji, Lucia. Ba a mota na zo ba. A kan baƙin kekena na zo, wanda kika sani, daga Jikwoyi har nan, cikin wannan marka da ta hana rana leƙowa. Yanzu haka ina ɗakin baƙi na katikis, malamin coci, a bayan cocin, sanye da rigar wani, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi. Daga nan ina jin ƙarar injin niƙan unguwarku. Matar katikis ce za ta miƙa miki wannan takarda, kuma na roƙe ta kada ta gaya wa Jennifer komai sai kin gama karantawa.

Na san abin da za ki fara cewa: tsohon nan ya haukace. Bari in faɗa miki abin da ya fitar da ni.

Tun ranar da kika faɗi a banɗaki, na kama ki ta hammata na ja, na sake ja, na kasa, har sai da na fita tsakar gida ina kiran maƙwabta, ban sake samun barci mai daɗi ba. Da 'yarmu Jennifer ta zo ɗaukar ki, ta ce mini, “Baba, ko zuwa bakin titi sai ka zauna ka huta a hanya. In Mama ta sake faɗuwa fa?” Mijinta Silas kuwa, Allah ya yi masa albarka, ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ɗaki yana nan, ku taho tare.” Na ce a'a. A wurinmu namiji ba ya tarewa a gidan mijin 'yarsa. Wanda ya durƙusa a gabana yana neman 'yata, shi zan koma ina jiran ya ce a zuba mini tuwo? Kina cikin mota kika dube ni, kika ce, “Baban Jennifer, ka zaɓi kunya, ka bar ni.” Motar ta tashi, maganar ta zauna.

Ya ke tattabarar zuciyata, kin san yadda gida yake in babu ke? Randa tana nan, amma ruwanta ba ya kashe ƙishi. Nakan dafa shayi in zuba kofi biyu, sai in tuna. Gwandar da kika shuka a bayan ɗaki ta nuna, tsuntsaye suka cinye, domin ban iya tsinka in ci ni kaɗai ba. Da yamma mutanen Jikwoyi suna dawowa daga aiki a cikin gari, kowa yana da wanda zai ce masa sannu da zuwa. Ni kuwa sai in zauna a bakin ƙofa ina kallon ruwa yana zuba daga kwano, ina tambayar kaina: shin inuwa tana rayuwa in an cire itacen?

Sai na yi shawara da zuciyata. Na ce, in har na tuƙa keke daga Jikwoyi zuwa Abaji a tsakiyar damina, wa zai sake cewa ba ni da ƙarfin riƙe matata? Zan tsaya a ƙofar Silas da laka a ƙafa in ce, ga shaida, ku ba ni ita mu koma gida. Na sauko da keken daga inda yake rataye, na kai wa mai faci ya canza tayoyi, ya shafa wa sarƙa mai, ya ɗaure birki. Na ɗaura famfon taya da gari da ƙuli-ƙuli a kariyar bayan keken, na lulluɓe da leda. Ban gaya wa kowa ba.

Na bi kwalta har Karshi, ruwa yana dukan fuskata kamar ana watsa mini tsakuwa, motoci suna fesa mini na kwata. A nan ƙarfina yana nan, har waƙar sujada nake yi. Daga Karshi na saki titi na shiga hanyoyin ƙauye, waɗanda na sani tun ina malamin gona, tun wannan birnin tarayya yana dajin doya da dawa. Amma hanyoyin sun manta da ni, Lucia. Inda na san turba, na tarar da katangar bulo. Inda na san kuka mai inuwa, na tarar da ƙofar ƙarfe da maigadi yana cewa, “Oga, babu hanya nan, ka zagaya.” Na zagaya. Na hau duwatsu ina tura keke, numfashina yana kuka kamar tsohon zugazugi. Na gangara kan jar ƙasa mai santsi, birki ya jiƙe ya ƙi kamawa, sai da na ja ƙafa a ƙasa har takalmina ya buɗe baki. Laka takan cika tayar gaba har ta daina juyawa, in tsaya in sa kara in ƙwaƙule, in yi gaba kaɗan, ta sake cika.

Na kwana a hanya, a wata ƙaramar majami'a ta wajen Kuje, inda aka ba ni tabarma da kunu mai zafi. Da gari ya waye gwiwoyina sun kumbura kamar gwaza. Na ce musu, ku yi haƙuri, wurin Lucia za mu. Duk inda sanyi ya shiga ƙashina, sunanki nake kira, sai in ji kamar an kusantar da ni ga murhu. Duk tudun da na hau, sai in ce a bayansa kike. Ashe bayan tudu wani tudun ne.

A wani rafi tsakanin Kwali da nan abin ya faru. Ruwa ya cika shi, ya yi ja, yana gudu da karan masara. Na sauka ina neman wurin da zan ƙetare, ƙafata ta zame a gaɓa, na faɗi a baya, keken ya biyo ni ya danne mini ƙirji. Ban karye ba, kada hankalinki ya tashi. Amma na sa hannu biyu na tura shi, bai motsa ba. Na huta, na sake turawa. Na kira sunan Ubangiji, na sake. Ina kwance cikin taɓo, ruwan sama yana shiga bakina, ƙarfen da na tuƙa tun ina saurayi yana zaune a kaina kamar dutse.

A nan ne, abar ƙaunata, gaskiya ta zo ta tsuguna kusa da ni. Keken nan bai kai rabin nauyinki ba. Wanda ya kasa ɗaga keke daga ƙirjinsa, shi ne zai ɗaga mace daga ƙasa? Na fito neman shaida, na kuwa same ta, amma ba a gefena ta tsaya ba.

Wasu mata biyu 'yan ƙabilarku ta Gbagyi suka fito daga gona da itace a kafaɗa. Suka ajiye, suka janye keken, suka tayar da ni zaune. Babbar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Baba, wa kake gudu haka cikin ruwa? In mutuwa ne, shi yana da mashin fa.” Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce wurin matata zan je. Ta ce, “To matar ya ce ka zo da rai ko ka zo a leda?” Sannan ta sunkuya ta ɗora keken a kafaɗa, ƙaramar ta riƙe hannuna, muka shiga ruwa har ƙugu, muka haye.

Ina bin bayanta ina kallon keken a kafaɗarta, sai na gan ki. Kin tuna ranar da na fara tsayar da ke a hanyar gonarku, kina ɗauke da ƙwaryar doya a kafaɗa, wuyanki a miƙe kamar zangarniyar gero? Na tambaye ki, cikin rashin sanin baƙo, me ya sa mutanenku ba sa ɗora kaya a ka kamar sauran jama'a. Kika ce, “Malam, kai sarkin jiki ne, ba a ɗora wa sarki kaya. In ka danne shi, da me za ka yi tunani?” Na rubuta wannan a zuciyata a matsayin maganar budurwa mai wayo, na aure ki, na tsufa tare da ke, ban fahimce ta ba sai a tsakiyar rafin nan. Ni ne na ɗora wa kaina kaya. Na kira shi kunya, na kira shi al'ada, amma sunansa na gaskiya a bakin kowa yake: girman kai. Ya danne ni har na kasa tunanin cewa ke kina can kina kwana ke kaɗai, kamar yadda nake kwana ni kaɗai.

Da na so, da na tsaya a nan na nemi mota. Matan ma sun ce in yi haka. Amma na ce tafiyar da na fara domin in dawo da ke, bari in ƙarasa ta domin in kawo miki kaina. Na fita babban titin Lokoja, na bi gefe-gefe, tireloli suna wucewa suna kaɗa ni kamar ganye. Inda na iya na taka feda, inda na kasa na tura. Yayyafi bai ɗauke ba. Da la'asar na ga rufin Abaji ta cikin hazon ruwa, ban ji murna irin wadda na zata ba. Na ji dai kamar mai ɗauke da tulu ya iso bakin randa.

Na zo har ƙofar gidan Silas, Lucia. Ta tsakanin ƙarafan ƙofar na hango ki a baranda, kin ba ni baya, kin yafa zanen nan mai ruwan ganye, kina ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya, kina danne ta da gwiwa. Kin rame. Gashinki ya ƙara fari, ya yi kyau kamar audugar da ta buɗe. Na kaɗa ƙararrawar keke. Na sake kaɗawa. Ba ki ji ba. Na dubi kaina, laka tun daga gira har tafin ƙafa, na ce ba zan bari ki fara ganina a haka ba, kada jininki ya hau. Kuma, in faɗa miki gaskiya, kayan nan na ka bai gama sauka ba. Da na ji muryar Silas a ciki, sai ƙafata ta juya da kanta.

Ga roƙona, ya ke zumar tsufana. Ba na cewa ki dawo Jikwoyi. Jennifer ta fi ni gaskiya, kuma zan faɗa mata da bakina. Abin da nake nema shi ne ki yarda in zo in zauna inda kike. Ba zan iya ɗaga ki ba, wannan na sani yanzu, akwai masu ƙarfi a gidan da za su yi. Amma zan iya riƙe miki gyaɗar ki ɓare. Zan iya karanta miki Zabura kusa da kunnenki mai ɗan ji. Zan iya shafa miki man kaɗanya a hannun da ya ƙi motsi, safe da yamma, har ya tuna da ni. Zan ci tuwon surukina in ce na gode, in mutanen garinmu sun ji sun yi dariya, su yi; ba su ne suka kwanta a taɓo ba.

Amma ke na ɓata wa rai, kuma ban sani ba ko zuciyarki ta huce. Ba zan shiga gidan nan a matsayin nauyin da aka ɗora miki ba. Gobe bayan sujadar safe zan taho a ƙafa, da sanda, keken kuwa na bar wa katikis ya riƙa zagaya ƙauyuka da shi. Kada ki aiko Silas ya tarye ni. Ni ya kamata in yi sallama, ni ya kamata in tambaye shi ko ɗakin yana nan har yanzu. Abu ɗaya kawai nake so daga gare ki. In kin yafe, ki sa a juya miki kujera ta fuskanci ƙofa, domin in na iso ƙafata ta so juyawa, in ga fuskarki, ta kasa. In kuwa na tarar da bayanki, ba zan yi fushi ba. Zan koma ɗakin katikis, in dawo jibi, in dawo gata, har ki gaji da ba ni baya.

Ni ne naki tun ƙafa tana da ƙarfi, naki yau da ta gaza, naki har ranar da Mai Duka zai kira ɗayanmu ya je ya share wa ɗaya wuri,

Thaddeus, Baban Jennifer.