Sunanki da Na Kasa Kira a Birmingham

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta 'ya ga uwarta, ina fata kina cikin hutun da Ubangiji ya yi wa bayinsa alkawari. Mu nan unguwar Old Trafford ta Manchester, a ƙasar Turawa, lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya wasiƙa. Amma Inna, abin da na yi ranar Asabar ke kaɗai za ki gane shi, don a wurinki na koya.

Kin tuna takwararki, wadda kika bari tana rarrafe? Yanzu shekararta goma sha huɗu. Ta fi ni tsawo, ta kwaso kafaɗunki kaf, waɗanda kike cicciɓar buhun masara da su maza na tsaye suna kallo. Muryar ma taki ce, mai kauri. Har yau Mami nake ce mata. Ga ta 'yar fari, ga sunanki a kanta, ta ina bakina zai iya?

Wani wasa ta shiga da ake kira cheerleading. Da kin gani za ki ce yaran nan ba lafiya ba. Rawa ce da tsalle-tsalle, wasu su tsaya a ƙasa su cilla 'yar uwarsu sama su cafe. Mami tana cikin na ƙasa. Har gashinta ta aske, wai takalman yaran suna tsinke mata kitso. Na yi faɗa har na gaji na bari.

Wadda take cillawa sunanta Robyn, wata 'yar Turawa 'yar firit. An haifi Robyn namiji, amma tun tana ƙarama take rayuwa a matsayin mace, iyayenta da makarantarsu duk haka suka ɗauke ta. Ranar da na ji, ba zan ɓoye miki ba, na yi ta gunaguni a kicin. Na ce ina adalci a sa wanda aka haifa namiji gasa da 'yan mata? In girma ya zo da ƙarfinsa fa? Mami ta bar ni na gama, ta ce ita dai abin da ta sani, Robyn ba ta taɓa rufe ido in tana sama ba, don ta san hannun da zai tare ta.

Ranar Asabar muka tafi gasa Birmingham. Ashe labari ya riga mu isa, cewa ƙungiyar Manchester tana da irin wannan yaro a cikin 'yan mata. Iyayen wata ƙungiya suna zaune kusa da ni, suka shiga bin yaranmu da ido ɗaya bayan ɗaya. Suka wuce Robyn da ribom ɗin da ta ɗaure gashinta da shi ba su ko tsaya ba. A kan Mami suka tsaya, Inna. Wai a dubi wuya, a dubi kafaɗa, a dubi kai ba gashi. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukarta hoto, wata ta tashi ta tafi kai ƙara wurin masu gasa.

Sai matar da ke gefena ta dubi fatata, ta dubi ta Mami, ta tambaye ni ko na san yaron can.

Kin tuna a gida, in baƙi suka nuna ni suka ce wannan 'yar wa ce, sai ki ci gaba da tankaɗenki ki ce, "'Yar gidan nan ce." Bai taɓa yi mini ciwo ba. Kowa a tsakar gidan ya san ma'anarsa, ni ma na sani, don ni kike ɓoye wa ƙanzon shinkafa. Kunya ce ta 'yar fari, kuma ado ce a wurinmu.

To abin da ya fito daga bakina ke nan, da Turanci. Na ce mata, na san iyayenta.

A nan babu tsakar gidan da zai fassara. Ga yaran an jera su a ƙasanmu suna jiran a kira su, Mami kuwa ta ɗago tana neman fuskata. Ta ji.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Idona ya tafi kan Robyn. Harshena ya kusa cewa ba wannan ba ce, ga ta can. Na kusa miƙa musu 'yar mutane don su sakar mini tawa. Mami ta san gaskiyar sarai, ana ta nuna ta da yatsa, amma ko sau ɗaya ba ta waiwayi Robyn ba. Sai ma ta matsa ta tsaya a gabanta.

Uwar Robyn ce ta miƙe, Joanne, fuskarta ta yi ja. Ita ce ta fi kowa abin tsoro a wurin, amma ta ce wa mai wayar ya sauke ta. Ta ce yarinyar nan tana da suna, ta kuma kira shi da ƙarfi. Sunanki, Inna. Ta karkace shi da harshensu, amma ta kira. Ni da na haife ta ina zaune ina murza bakin gyalena.

Masu gasa suka duba suka ce duk yaranmu sun cika ƙa'ida. Aka yi wasa. Mami ta cilla Robyn, ta cafe, ta sake cillawa, fuskarta ba annuri ko kaɗan. Ban ma san na nawa suka zo ba.

Muka kamo hanya muka dawo. Sai a ƙofar gida Mami ta ce gasa ta gaba kada in wahalar da kaina, Joanne za ta kai ta. Ta ce tunda na san iyayenta, in gaishe su.

Har yanzu ban san amsar tambayar da na yi a kicin ba. Akwai iyayen da ke tsoron a ƙwace wa 'ya'yansu abin da suka sha wahala a kai, kuma ban ce tsoron banza ba ne, ni ma na ji shi. Masu tsara doka su zauna su tsara. Abin da na gani da idona shi ne, da manya suka tashi tantance yara da kallo, a kan jikarki abin ya faɗa, saboda kafaɗun da ta gada a wurinki. Ina jin kunya, Inna, irin wadda ba ado ba ce.

Ban zarge ki ba. Kin so ni yadda ake so a garinmu, kuma ya ishe ni. Mami kuwa bai ishe ta ba, kuma tana da gaskiya.

Saboda haka izini nake nema. Gasa ta gaba zan hau jirgin ƙasa in tafi, ko ta so ko ba ta so. Zan zauna a layin gaba. In ta fito zan miƙe in kira sunanki gatsau a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ki yafe mini rashin kunyar. Ina ta gwadawa a banɗaki, muryata tana maƙalewa a tsakiya.

Ubangiji ya ƙara miki hutu. Ya tsare takwararki, ya tsare yarinyar da take cafewa, kada ɗayarsu ta faɗi. Ni kuma ya buɗe mini baki. Amin.

Taki har abada,
Ladi, uwar Hannatu.