Abin da Aka Yanke wa Hafsa

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida a Kano. Hafsa lafiyarta ƙalau, tana zuwa makaranta. Amma da ɓacin rai nake rubuto miki, kuma a kan 'yar taki Hafsa ne.

Kin tuna tsohon fim ɗin nan na ƙasar Denmark, mara kala, da muka kalla muna jami'a? Na matar da talauci ya sa ta bar jaririnta wurin maƙwabta ta tafi birni aikatau. Shi na zaɓa wa ajina na ranar Asabar, yaranmu na nan unguwar Malaz, a ƙasar Larabawa. Da zumuɗina har na ba su tarihi, cewa finafinan ƙasar sun sha almakashi a ƙasashen waje tun lokacin da fim ba ya magana. Ashe namu ma ya sha.

A makarantarmu, duk abin da za a nuna wa yara sai ya bi ta hannun kwamitin iyaye. Su kuwa ba kallo suke yi ba. Gudu suke sa fim, ba sauti, ba fassara, inda fatar mace ta bayyana su datse. Haka suka cire wurin da matar take ba ɗanta nono na ƙarshe, tana kuka, ta kasa zare shi daga ƙirjinta. Uwa tana shayarwa, Yaya. Wannan ne abin kunyar da suka gano.

Abin da yaran suka gani shi ne mace ta ajiye jariri, ta ɗauki jaka, ta fice.

Da na kunna fitila, Hafsa ce ta fara magana, da Hausarta mai gauraye da Larabci: "Haka iyaye mata suke, Anti. Su tafi, halas, shi ke nan." Ko idonta bai yi ja ba.

Na je na sami kwamitin, na faɗa musu abin da ba zan maimaita a nan ba. Amma fushina bai ƙare a kansu ba.

Ranar da iƙamarki ta zama a ƙasar nan ta ƙare, kafilin da ya tsaya miki ya ƙi sabuntawa, ni na raka ki filin jirgi. Na ga yadda kika rungume rigar makarantar Hafsa a mota, kina kuka har numfashinki yana sarƙewa. Kin zaɓi ki tafi tana aji don kada ta gani. Har yau in kin kira ta, sai kin wanke fuska kin shirya murmushi. Kina ganin tausayinta kike yi. Ita kuwa abin da ta sani, ta dawo gida ta tarar babu akwatinki.

Ranar Juma'a zan nuna mata fim ɗin cikakke a gida. In mun gama zan kira ki ta bidiyo. Don Allah kada ki wanke fuska. Ki gaya mata ranar nan yadda ta kasance, ko da muryarki za ta ƙi fita.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya haɗa ki da 'yarki cikin alheri.

Ƙanwarki,
Maryam