Suna Arba'in da Ɗaya

Sakpuli, bayan bikin Damba

Zuwa ga ƙanena Dawuni,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Kumasi lafiya. Bayan haka, ka zubar mana da mutunci ka gudu.

Tun kaka da kakanni gidanmu ke yi wa sarakunan garin nan kiɗa. Abu ɗaya sabon sarki, Naa Nantogma, ya nema a Damba, bikin sarautarmu na shekara: in ka zo jero kakannin sarauta, ka saka kakansa a matsayin ɗan sarkin da, Naa Ziblim. Suna ɗaya tak! Sai ka kai wurin ka ɗauke hannu, fili ya yi tsit, har wata tsohuwa ta ce, "Af, makaɗin ya shaƙe ne?"

Ni na cire kalangun Baba daga kafaɗarka a gaban jama'a, kuma ban yi da-na-sani ba. Ka dawo ka tsuguna a ƙofar fada in mayar maka da shi. Iya ta daina zuwa kasuwa saboda bakin mutane.

Wanka,
Wumbei

Kumasi

Zuwa ga Yaya Wumbei,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaishe min da Iya. Takardarka ta same ni a kasuwar doya, inda nake dako.

Yaya, kakan Nantogma falken shanu ne, mutumin kirki, amma ba Naa Ziblim ya haife shi ba. Kai ma ka sani. Na ce zan yi masa kirari da rijiyoyin da ya haƙa wa gari, ya ce shi jini yake so. Jinin kuwa yana da masu shi. In na buga ƙaryar nan shekara goma, jikokin Ziblim na gaske da ke noma a bayan gari, da wane baki za su ce su waye?

Ka tuna ranar da ka tsallake suna ɗaya, Baba ya kwaɗa maka sandar kiɗa a ka? Ya ce, "Mutum ka kashe, shashasha, koma ka tashe shi!" Ni ban manta ba.

Ina kewar kalangun nan har hannuna kan yi motsi shi kaɗai. Amma ba zan tsuguna ba.

Ƙanenka,
Dawuni

Sakpuli, farkon damina

Dawuni,

Gaisuwa. Shekara biyu ka ƙi ko leƙo mu, taurin kan naka dai na nan.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Suna ashirin da shida kawai na riƙe. Sauran suna cikin kanka, don kai ka zauna gindin Baba lokacin da nake yawon dambe. Damban bara na dinga maimaita na baya, har wani ɗan iska ya ɗaga murya, "Wumbei, wannan sarkin sau uku ya ci sarauta?" Aka bushe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sarki ya ce ya yafe maka. Ka zo. Iya ma ba ta da ƙarfi kamar da.

Wanka,
Wumbei

Kumasi

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji zafin dariyar da aka yi maka, wallahi. Zan zo. Zan koya maka sauran, in buga a gaban sarki in tsuguna yadda kake so. Amma suna arba'in da ɗaya Baba ya ba ni, su zan buga. Ka gaya wa fada tun yanzu, kada a ce na yaudari kowa.

Ƙanenka,
Dawuni

Sakpuli

Dawuni,

Gaisuwa. Dangi sun zauna. Kada ka zo.

Sarki ya ɗauko makaɗi daga wani gari, mai buga duk abin da aka ce masa. An sallame mu daga fada, ka ji daɗi. Ga kalangun Baba nan na ba direban motar doya ya kawo maka, ba mai son ganinsa a gidan nan. Iya ta ce a gaishe ka. Ba ta ce ka zo ba.

Wumbei

Kumasi

Yaya,

Ina gaisuwa. Kalangu ya iso lafiya, na gode.

Jiya da la'asar na gyara tsarkiyarsa na buga sunayen a ƙofar ɗakina, tun daga na farko har na ƙarshe. Ba wanda ya san ko ɗaya daga cikinsu a unguwar nan. Wata mai sayar da ayaba ta jefo min sidi ashirin, ta ce, "Bawan Allah, sayi koko." Na ɗauka na yi godiya.

Arba'in da ɗaya ne, Yaya. Na ƙirga.

A gaishe min da Iya.

Ƙanenka,
Dawuni