'Yar Ruwan Hajjo

Isa, 4 ga Maris, 2023

Ƙawata Firdausi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Inna. Yaya karatu a Sakkwato? Mu nan lafiya lau, sai ciwon idon kakata Hajjo da ya ƙaru, yanzu ba ta gani sam.

Ga littafin nan na ba Malam Dalhatu direba ya kawo miki. Labarin 'yar ruwa ne, wadda rabinta mutum rabinta kifi, wanda Hajjo ke ba mu a Gatawa kafin 'yan bindiga su tashe mu. Na mayar da shi labarin matasa: gulbi ya ƙafe, ta fito tudu neman ƙanwarta da masunta suka kama. Shekara biyu ina rubuta shi bayan na tashi daga koyarwa. Don Allah ki buga mini shi a kwamfuta, ki nuna wa masu ɗab'in da kika ce kin sani. Ba ni da wani kwafi, ki riƙe shi da kyau.

Taki har kullum,
Sadiya

Isa, 19 ga Janairu, 2024

Firdausi,

Ina gaishe ki, ina gaida su Inna, da fatan kowa lafiya.

Wata goma kina ce mini masu ɗab'i ba su amsa ba. Ranar Litinin wata ɗalibata, Halimat, ta shigo aji da littafin da yayanta ya sayo mata a Sakkwato, 'yan mata suna ta rububinsa. Na karɓa don in tsawata musu, sai na ga 'yar ruwa a bangon littafin, ƙarƙashinta an rubuta Firdausi Sodangi. Na buɗe, na tarar da layina na farko, ko waƙafi ba ki taɓa ba.

Na karance shi a zaune. Kin cire Gatawa kin sa teku, wadda ni da ke ba mu taɓa gani ba. Kin ƙara ɗan sarki. Duk wannan da sauƙi. Shafin godiya na duba har sau uku, kin gode wa malamanki da mai zanen bango, babu ni, babu Hajjo, matar da kika sha furarta kina sauraron labarin nan.

Halimat, wadda ita ma ta sha jin labarin a bakin Hajjo, ta kai zancen gidanmu cikin murna, ta ce labarin Hajjo ya fito. Tsohuwa ta sa na zauna gabanta, ta shafa bangon, ta ce in karanta mata sunan da ke kai. Na karanta mata nawa. Ta yi ta sa mini albarka har da hawaye. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar.

Ba za ni kai ƙararki ko'ina ba. Ki ba Malam Dalhatu rubutun hannuna ya maido mini. In kin zo hutu, kada ki shigo gaida Hajjo, don za ta yi miki godiyar buga mini littafi, ni kuma ba za ni iya tsayawa in ji ba.

Sadiya Maliki