Farfelar Mai Doro

Zuwa ga kakana, Alhaji Garba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta jika ga kakanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mama da Abba suna lafiya. Ni ma lafiya lau, sai dai kewarka da ta ƙi raguwa. Na san wasiƙar nan ba za ta iso gare ka ba, masu bibiyar hotunana a intanet ne za su karanta ta. Su yi haƙuri, yau ba da su nake ba.

Kaka, na samu. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki hoton da na yi maka alkawari, wanda na kasa ɗauka kana da rai.

Ka tuna yadda abin ya fara? Ka zo London neman maganin ido, ka sauka a gidanmu na bene na bayan Old Kent Road. Sati uku kana zaune a baranda cikin rigar sanyin Abba, kana cewa garin nan ba shi da majalisa, kowa sai sauri kamar an biyo shi. Ni kuwa ina lungun kujera da wayata, ina karanta littattafan soyayyar da Mama take zaton na makaranta ne. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Kana kirana amarya, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki, ni kuma sai in sunkuyar da kai in gudu.

Sai wata rana da hantsi wata ƙara ta ratsa sama, mai kauri, ba irin ta jiragen da muka saba ji ba. Ka miƙe tsaye ba sanda. Ban taɓa ganin ka miƙe haka ba. Ka ce, "Amarya, zo ki gani mini, yana da doro?" Kafin in fito jirgin ya wuce.

A ranar ka ba ni labari. Lokacin yaƙin duniya kana ɗan ƙarami a Kano, jiragen yaƙin Turawa suna sauka su sha mai su wuce gabas. Kuna zuwa bakin filin ku kwanta a ciyawa kuna kallo. Akwai wanda bayansa ya ɗan tashi a bayan matuƙi, kuka sa masa suna mai doro. Ka ce tun daga nan ba ka sake ganinsa ba, har ka ɗauka duk sun zama tukwane. Ni na bincika na gano sunansa Hurricane, kuma akwai ƙaramin filin jirgi a gefen gari inda ake tayar da tsofaffin jiragen ranar Asabar. Da na faɗa maka sunan, ka gwada sau biyu, ka ce a bar shi a mai doro, ya fi dacewa da shi.

Haka muka fara tafiya. Bas, jirgin ƙasa, sannan wata bas ɗin kuma. Mama tana cika mana flask da shayi mai citta, kai kuma da goronka da muke sayowa a kasuwar Deptford, wanda kullum sai ka ce ya sha wahalar hanya kamar ka. Mukan tsaya a bakin shingen waya tare da tsofaffin Turawa masu dogayen kyamarori da kujerun naɗewa. Da azahar ka shimfiɗa darduma a ciyawa, su ɗan matsa su ba ka wuri. Kowa a wurin wani jirgin daban mai suna Spitfire yake jira. Kai kaɗai kake jiran mai doro.

Matsalar ita ce idonka. Likita ya riga ya ce ba zai dawo ba, sai dai a rage masa saurin tafiya. Abin da ke nesa ya zame maka hayaƙi. Jirgin zai taso, ƙasa ta yi rawa, ka ɗaga kai kana bin ƙarar da fuskarka, amma ba ka ganinsa. Abin da kake iya gani sai wanda ka kawo daf da hanci, ka ɗora masa madubin nan naka na ƙara girman rubutu. Shi ya sa na ɗauko tsohuwar kyamarar Abba daga durowa. In ba ta hotona ba, babu yadda za ka sake ganin mai doro a sama. Kuma tikitinka na komawa Kano ƙarshen bazara ne.

Asabar ta uku na same shi. Hoto tas, har lambobin jikinsa ana karantawa. Na je aka wanke mini shi babba, na kawo maka ina ta murmushi. A zuciyata na gama tsara yadda za a yi, irin na littattafaina: za ka yi hawaye, ka sa mini albarka. Ka ɗora madubi, ka daɗe kana bi daga wutsiya zuwa hanci. Da ka isa hancin sai fuskarka ta canza. Ka ce, "Amarya, kin kashe masa inji."

Ban gane ba sai da ka nuna mini da yatsa. Farfelar ta tsaya cak, rassanta uku a fili, ɗaya, biyu, uku. Kyamarar ta yi saurin ƙyaftawa har ta daskarar da ita. Ka ce tun kuna yara kun san doka ɗaya: in ka iya ƙirga rassan farfela jirgi yana sama, to fara salati. Ka taɓa ganin ɗaya ya taho haka shiru, ba ƙara, ya zube a gonar gero. Matuƙin ya fito da ransa, amma kai shirun ne ba ka manta ba. Ni ina alfahari da kyan hotona, ashe jirgi mai faɗuwa na miƙa maka.

Na yi maka alkawarin wani kafin ka tafi. Na karanta cewa sai an rage saurin ƙyaftawar kyamara farfela take fitowa kamar faifai. Na rage. Sai komai ya jagule, jirgin da sama da bishiyoyi suka zama kamar an zubar da koko. Ashe akwai yadda ake riƙe jiki a bi jirgin, kuma wannan ba a karatu yake ba, sai an nuna maka.

Kaka, wadda za ta iya nuna mini tana wurin, taku biyar tsakaninmu. Tsohuwar Baturiyar nan mai jar hula, wadda take ce maka good morning kana amsa mata da lafiya lau. Na ga hotunanta a bayan kyamararta, farfelolinta duk a raye. Tana kallona ina fama, tana ɗan murmushi, irin na wanda yake jira a tambaye shi. Asabar uku ina haɗa jimlar a bakina. In taka ɗaya, in koma. Ka lura. A bas ka ce mini, "Kunyarki ado ce a gida, amma a bakin shinge tana ci mana jirgi." Na yi dariya don kada in yi kuka.

Asabar ta ƙarshe aka wuni ana ruwa, ko jirgi ɗaya bai tashi ba. Muka zauna a ƙarƙashin lema muka shanye shayin. Ka tafi Kano da hoton mai matacciyar farfela a cikin jakarka. A filin jirgi ka ce in bar damuwa, mai doro ne dai, ko a tsaye ko a guje. Na san don ni ka faɗa.

Cikin hunturu aka bugo waya cewa ka rasu. Na ajiye kyamarar a durowa, na ce na gama.

Da Mama ta dawo daga zaman makoki ta miƙo mini ambulan. Ta ce a ƙarƙashin matashinka aka samu, tare da madubin. Hotona ne, gefensa duk ya lanƙwashe. A hancin jirgin ka sa biro ka zagaya farfelar, zagaye bisa zagaye, har takardar ta lotsa. Da'irar ta karkace, wani wurin ma ta hau kan fiffike, don ba ka gani sosai. Amma rassan nan uku sun ɓace a ciki. Kai da kanka ka tayar masa da inji, ba ka gaya wa kowa ba.

Na daɗe ina kallonsa a kicin, Mama tana yi mini magana ban ji ba.

Da bazara ta dawo na hau bas ɗin nan ni kaɗai. Mai jar hula tana wurinta. Ban tsaya haɗa jimla ba, na san in na tsaya zan koma. Na je na miƙa mata hoton da ka zagaye kawai. Ta duba, ta tambaye ni ina dattijon mai darduma. Na faɗa mata. Ta cire hularta ta riƙe a hannu na ɗan lokaci, sannan ta mayar, ta tsaya a bayana ta kama kafaɗuna. Ta nuna mini: a kafe ƙafa, a manne gwiwar hannu da haƙarƙari, a juya daga ƙugu, kuma ko an danna kada a tsaya, a ci gaba da bin jirgin har ya wuce. Ko minti biyar ba ta ɗauka ba, Kaka. Minti biyar. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Duk da haka sai da na yi Asabar huɗu ina ɓatawa. A ta biyar mai doro ya taso ƙasa-ƙasa ta gefen hagu, rana a bayana. Na yi bismillah na bi shi. Da na duba, ga shi tas, doronsa a fili, bishiyoyi sun zama zare-zare a bayansa, a hancinsa kuma faifai cikakke mai sheƙi. Na gwada ƙirga rassan, ban iya ba.

Na wanke shi, na jingina shi kusa da naka a kan teburin karatuna. Masu zuwa ɗakina suna yaba sabon. Ni idona kullum kan da'irarka yake sauka.

Ka yafe mini jinkirin, angona. Ban taɓa amsa maka tsokanar ba kana nan, yau na amsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya cika shi da haske. Allah Ya mayar maka da ganinka a Aljanna fiye da na ƙuruciyarka, ka hangi nesa ba madubi, ba sai wata ta gani maka ba. Amin.

Wassalam.

Jikarka, amaryarka,
Safiyya