Rigar da Na Wanke

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa Baba sauƙin ƙafar nan tasa. Na ji 'yar lelenki ta fara tafiya. Ki ɓoye kwanukanki tun da wuri, don in ni ta gado a ɓarna kin shiga uku. Ni ma jiki lafiya, karatu yana tafiya. Amma zuciyata ba daɗi, Yaya. Ƙarshen watan nan zan bar gidan da nake zaune, kuma ni na jawo wa kaina. Na kasa faɗa miki a waya, don na san kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Kin san mutanen da makaranta ta ba ni masauki a wurinsu tun da na zo karatu ƙasar waje: Maman gida, mai aiki a ɗakin karatu na unguwa, da mijinta mai gyaran agogo, wanda in ya yi magana uku a yini to ranar ya yi surutu. Wata bakwai ke nan ina tare da su. Matar nan ta riƙe ni riƙon da ban ƙara sa rai da shi ba tun rasuwar Inna. Ita ta koya mini hanyar makaranta, ita ta zauna a kaina lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni. Abu ɗaya ne ya dame ni, ba ta bari in taɓa aiki. In na ɗauki tsintsiya sai ta karɓe, wai karatu na zo yi. Ke kuwa kin san tarbiyyar Inna. In ci abincin mutane in miƙe ƙafa? Abin ya tsaya mini a rai.

A ƙarshen bene akwai wani ɗaki da kullum yake rufe. Na san na ɗansu ne, wanda ya rasu a haɗarin mota shekara uku da suka wuce. Hotonsa yana falo, amma ba a zancensa. Mako uku ke nan, ran wata Asabar sun tafi duba ƙanwar maigidan, na ga ƙofar ba ta rufu sosai ba, na leƙa. Gado a hargitse, ƙura a kan tebur, ga wata shuɗiyar rigar sanyi rataye a bayan kujera, wuyanta ya yi dauɗa. Na ce a raina, baiwar Allah, baƙin ciki ne ya hana ta gyara wurin nan, bari in ɗauke mata. Na yaye zanin gado da rigar matashi, na haɗa da shuɗiyar rigar na zuba a injin wanki, har da ƙara sabulu mai ƙamshi. Na buɗe taga, na share, na goge, na yi guga na ninke. Wallahi ina yi ina 'yar waƙata, ina jiran a sa mini albarka.

Da suka dawo ta hau sama, na bi ta ina murmushi. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ta ɗauki rigar ta kai hancinta. Ta shinshina wuyan, ta juya ta ta shinshina ciki, ta bi hannuwan ɗaya bayan ɗaya. Sai ta zauna a ƙasa da rigar a cinyarta. Da ta mare ni ma da ya fi mini sauƙi. Maigidan ne ya ja ni kicin, ya gaya mini cewa kowace safiya kafin ta tafi aiki sai ta shiga ɗakin ta sa fuskarta a rigar nan, gadon kuma yadda yaron ya tashi daga kansa ranar ƙarshe haka aka bar shi. Ya ce ya san alheri na nufa. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

Na ba ta haƙuri har bakina ya gaji. Ta ce ta yafe, na kuma yarda, don har yau tana rufe mini abincina, tana tambayata labarin jarrabawa. Amma in na gifta kusa da ita sai ta kau da kai, domin ƙamshin da ke jikin kayana shi ne yanzu a jikin rigar ɗanta. Shekaranjiya jami'ar da ke kula da masaukin ɗalibai ta kira ni, ta ce an samo mini wani gida, Maman gida tana bukatar hutu. Ban yi musu ba. Na sake rasa uwa, wannan karon da hannuna.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ce ya kamata in gane. Kin tuna bayan rasuwar Inna, ranar da kika tarar da ni a ɗakinta na cusa kai cikin mayafinta, kika juya kamar ba ki gani ba? Na san abin nan sarai. Ban dai taɓa kawowa mutanen wata ƙasa ma haka suke yi ba.

Ki gaida Baba, ki ce ina neman addu'arsa, amma kada ki ba shi labarin nan tukuna. Ki gaida Gwaggo da Kawu da maigidanki, ki shafa mini kan yara. Sai abu ɗaya. A wayarmu ta ƙarshe kin ce za ki fito da sauran kayan Inna ki wanke a rabar. Ki rabar da komai, ban hana ba. Amma baƙin mayafin nan da ke ƙasan akwati, don Allah Yaya kada ruwa ya taɓa shi. Ki ƙulle shi a leda, ki ajiye mini har in dawo.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Auta